Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Tarihin The Fall Guy Daga Akwatin Talabijin Zuwa Allon Silima

Gabatarwa

A ranar 3 ga watan Mayu na shekarar 2024 kamfanin Universal ya fitar da wani fim mai suna The Fall Guy a gidajen silima na ƙasar Amurka. Fim ne na faɗa da guje-guje da barkwanci, irin wanda ake shiga a kalla, a yi dariya, a fito a manta. Sunansa da sunan jarumin labarinsa an ɗauko su ne daga wani tsohon wasan talabijin wanda aka daina yi tun shekarar 1986. Bisa ga zahiri babu abin da zai tsai da mai nazarin tarihi a kan irin wannan fim, domin kuwa Holiwud ta daɗe tana tono tsofaffin wasannin talabijin tana mai da su finafinai. Amma makasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa a ƙarƙashin dariyar akwai wani tsohon bashi wanda masana'antar fim ta kusa shekara ɗari ba ta biya ba, watau bashin 'yan kasada.

Abin da ake nufi da ɗan kasada a nan shi ne mutumin da ake sa wa tufafin jarumi, ya tsaya a madadinsa a duk wurin da ake tsoron karaya ko ƙuna ko mutuwa. Shi ke faɗowa daga bene, shi ake cinna wa wuta, shi ke cikin mota sa'ad da ta wuntsila. Idan ƙura ta lafa sai ya koma gefe, jarumi ya zo ya kwanta a wurin, kyamara ta ɗauki fuskarsa. Sunan fim ɗin ma yana da harshen damo: a Turancin Amurka yana nufin mutumin da aikinsa faɗuwa ne, yana kuma nufin mutumin da ake ɗora wa laifin wani. Tarihin da ke tafe ya ratsa ma'anonin nan guda biyu.

Asalin Sana'ar Kasada

Sana'ar kasada ta girmi fim mai magana. A farkon ƙarni na 20, sa'ad da kamfanonin fim suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya, sun tarar da makiyaya da mahaya da 'yan wasan tsalle-tsalle masu neman aiki, waɗanda za su yarda su faɗo daga kan doki a biya su ladan yini. Har mata ma ba a bar su a baya ba. Helen Gibson, wadda ta fito daga wasan sukuwa, ta yi ta tsayawa a madadin jaruma Helen Holmes a jerin finafinan The Hazards of Helen da aka fara a 1914, daga bisani ita ce ta gaji matsayin jarumar. Akwai kuma 'yan wasa irin su Buster Keaton waɗanda suka riƙa yin kasadarsu da kansu, kamar yadda ya tsaya cik fuskar gida ta rikito a kansa a fim ɗin Steamboat Bill, Jr. na 1928, tagar da ke buɗe kaɗai ta cece shi. Sai dai da kuɗin fim ya ƙaru, jarumi ya zama dukiyar kamfani. Idan ya karye aiki ya tsaya, albashin ɗaruruwan ma'aikata kuwa yana tafiya. Ɗan kasada idan ya karye sai a kira wani. Wannan lissafi shi ne tushen sana'ar, kuma bai sauya ba har yau.

Mutumin da ya mai da kasada ilmi shi ne Yakima Canutt, wani zakaran gasar hawan dawaki da aka haifa a 1895. A fim ɗin Stagecoach na 1939 ya yi tsalle ya dira kan dawakin da ke jan karusa a guje, ya sulale tsakaninsu ya faɗi ƙasa, dawaki da karusa suka bi ta kansa suka wuce. Abin lura shi ne ba ganganci ya dogara da shi ba. Ya auna saurin dawaki, ya auna faɗin da ke tsakanin ƙafafun karusa, ya kuma ƙirƙiro ɗamara da igiyoyi da dabarun faɗuwa waɗanda na bayansa suka gada. Shi ne ya tsara tseren karusai na fim ɗin Ben-Hur na 1959, inda ɗansa Joe ya tsaya a madadin Charlton Heston. Fim ɗin ya ci lambobin Oscar 11, amma babu ko ɗaya ta kasada, don ba a tanadi irin wannan lamba ba. Sai a 1967 aka ba Canutt lambar girmamawa ta musamman.

Dalilin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne. Abin da kamfani yake sayarwa shi ne jarumtar jarumi, saboda haka gwanintar ɗan kasada ita ce kada a gane yana nan. Duk ranar da mai kallo ya gan shi, to aikin ya ɓaci. Ga sana'a ke nan wadda nasararta ita ce ɓacewar mai ita.

Silima da Talabijin

A shekarar 1946 an ƙiyasta cewa Amurkawa suna sayen tikitin silima tsakanin miliyan 80 da miliyan 90 a kowane mako. Daga nan sai talabijin ta shigo. A 1950 kimanin gida 9 ne cikin 100 ke da akwatin talabijin a Amurka. Kafin 1960 sun kusa kai 90 cikin 100. Gidajen silima suka yi ta rufewa, manyan kamfanoni kuwa da fari suka ɗauki talabijin kishiya. Da suka ga ba za su iya korarta ba, sai suka shiga yi mata wasanni da kansu.

Wannan sauyi ya yi wa 'yan kasada rana. A ƙarshen shekarun 1950 wasannin kaboyi fiye da 20 ake nunawa a talabijin ɗin Amurka a mako guda, kowanne kuwa yana bukatar wanda zai faɗo daga doki ko ya fasa taga. Aikin da dā ake samu jefi-jefi ya koma na kullum. Da suka yi yawa sai suka fara haɗa kai: a 1961 aka kafa ƙungiyar 'yan kasadan finafinai, a 1967 kuma baƙaƙen fata suka kafa tasu, domin a lokacin akan shafa wa farar fata baƙin fenti ya tsaya a madadin ɗan wasa baƙi, alhali ga masu iyawa suna zaune ba aiki.

Daga cikin waɗanda talabijin ta raina akwai Hal Needham, wanda ya daɗe yana tsayawa a madadin Richard Boone a wasan Have Gun – Will Travel. Shi ne ya yi aikin ƙirƙiro dabarar wuntsila mota don fim ɗin McQ na 1974, watau a ɗaura wani bututu kamar igwa a ƙarƙashin mota, a harba gungume ƙasa mota tana cikin gudu, ƙarfin bugun ya ɗaga ta ta yi ta juyi. A wurin gwajin ya karya bayansa. Daga baya ya zama darakta: Smokey and the Bandit na 1977 ya yi kasuwa ƙwarai, sa'an nan a 1978 ya yi Hooper, labarin wani ɗan kasada da tsufa ya fara cim masa, Burt Reynolds ne ya fito a matsayinsa. A 1980 Richard Rush ya fitar da The Stunt Man. Ke nan a cikin 'yan shekaru kaɗan mutumin da aka saba ɓoyewa ya zama abin ba da labari.

Shekarun nan kuma ba su wuce ba tare da jini ba. A watan Satumba na 1978, a garin Lexington na jihar Kentucky, wani ɗan kasada mai suna A. J. Bakunas ya yi tsalle daga tsawon da ya haura ƙafa 300 a madadin George Kennedy, a wurin ɗaukar wani fim mai suna Steel. Katifar iskar da aka shimfiɗa masa ta fashe, washegari ya cika. Jarumin wannan fim kuwa shi ne Lee Majors.

Wasan Talabijin na 1981

Shekara uku bayan haka, a ranar 4 ga Nuwamba 1981, tashar ABC ta fara nuna The Fall Guy, Lee Majors ɗin nan ne jaruminsa. Glen A. Larson ne ya ƙago wasan, shi ne kuma ya ƙago Knight Rider a shekarar da ta biyo. Majors ya riga ya yi suna a wasan The Six Million Dollar Man, inda ya fito a matsayin mutumin da likitoci suka haɗa da sassan ƙarfe ya fi ƙarfin kowa. A sabon wasan sai ya koma mutum mai nama da jini, Colt Seavers, ɗan kasada a Holiwud wanda ladan aikinsa ba ya isarsa. Don cike giɓi yakan karɓi aikin farauto waɗanda aka ba da belinsu suka gudu, ya kamo su a biya shi lada. Mataimakansa biyu ne: ɗan'uwansa Howie Munson, wanda Douglas Barr ya fito a matsayinsa, da 'yar kasada Jody Banks, watau Heather Thomas. Motarsa a-kori-kura ce ƙirar GMC, wadda tsallen da take yi ya sa ta yi suna kamar ɗaya daga cikin 'yan wasa.

Ba a ce wasan ya zo da wani zurfin tunani ba. Kowane kashi tsarinsa ɗaya ne: a ba Colt sunan wanda ya tsere, ya bi sawu, a yi tseren mota, a yi dambe, ya yi amfani da wata dabarar fim ya kama shi. Amma akwai abu biyu da suka bambanta shi. Na ɗaya, waƙar buɗe wasan, mai suna Unknown Stuntman, wadda Majors ya rera da bakinsa, kukan ɗan kasada ce: shi ke shan wuya, jarumi ke kwashe yabo. Na biyu, yayin da waƙar ke tashi akan nuna guntayen kasada na gaske daga finafinai dabam-dabam. Saboda haka kowane mako, har tsawon shekara biyar, miliyoyin gidaje suna jin ƙorafin ma'aikaci a cikin rigar nishaɗi. An yi kashi fiye da 110 kafin a rufe wasan a ranar 2 ga Mayu 1986. A cikin wannan watan Yakima Canutt ya rasu yana da shekara 90, a watan Nuwamba kuma Dar Robinson, ɗaya daga cikin gwanayen tsalle daga sama, ya mutu a hatsarin babur a wurin ɗaukar fim.

Al'adar Tono Tsofaffin Wasanni

Mai da wasan talabijin fim ba sabon abu ba ne. Tun a 1954 Jack Webb ya kai wasansa na 'yan sanda, Dragnet, gidan silima, a 1966 aka yi wa Batman haka, a 1979 kuma Star Trek. Sai dai waɗannan 'yan wasan asali ne suka fito a cikinsu. Sabon salo ya kankama ne a 1987, sa'ad da aka sake yin Dragnet da Dan Aykroyd da Tom Hanks, aka mai da wasan da dā babu wasa a cikinsa abin dariya. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu suka riƙe labari da gaske, kamar The Fugitive na 1993 da Mission: Impossible na 1996. Wasu kuwa suka bi hanyar faɗa da barkwanci: Maverick a 1994, Charlie's Angels a 2000, Starsky & Hutch a 2004, Get Smart a 2008, The A-Team a 2010, da 21 Jump Street a 2012.

Dalilin kamfanoni na kuɗi ne. Fim mai tsada caca ne, suna da jama'a suka riga suka sani kuwa yana rage wahalar talla. Yaran da suka kalli wasa a ɗakin iyayensu, bayan shekara 20 ko 30 su ne masu sayen tikiti, wasunsu ma su ne masu sa hannu a ofisoshin kamfanoni. An ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma yawancin masu bin hanyar barkwanci tsohon wasan suke yi wa dariya: tufafinsa, askinsa, motocinsa, da yadda ya ɗauki kansa da muhimmanci. Akan kawo tsofaffin 'yan wasan su leƙo na minti ɗaya don a nuna sun sa albarka, shi ke nan an sallame su. Wannan ita ce al'adar da The Fall Guy ya tarar.

Fim Ɗin 2024

Abin da ya raba wannan fim da 'yan'uwansa shi ne wanda ya yi shi. David Leitch tsohon ɗan kasada ne, ya tsaya a madadin Brad Pitt a finafinai da dama, ciki har da Fight Club na 1999. Shi da abokinsa Chad Stahelski, wanda shi ma ɗan kasada ne, suka yi John Wick a 2014. Daga nan Leitch ya yi Atomic Blonde, da Deadpool 2, da Bullet Train. A wurin ɗaukar Deadpool 2, a birnin Vancouver na Kanada, a watan Agusta 2017, wata 'yar tseren babur mai suna Joi Harris ta rasa ranta tana tsaye a madadin wata jaruma. Saboda haka daraktan ya san farashin sana'ar ta fuska biyu.

Leitch da marubucinsa Drew Pearce sun yar da farautar masu tsallake beli gaba ɗaya, suka riƙe suna da sana'a. A fim ɗin, Ryan Gosling ne Colt Seavers, wanda ke tsayawa a madadin wani jarumi mai girman kai, Tom Ryder, mai bugun ƙirji cewa shi ke yin kasadarsa da kansa. Colt ya faɗo ya karya baya, ya bar aiki, ya kuma guje wa masoyiyarsa Jody Moreno, watau Emily Blunt. Bayan wata 18 aka kira shi Sidni ta ƙasar Ostiraliya, inda Jody ke ba da umarnin fim ɗinta na farko. Can sai ta bayyana cewa jarumin ya kashe wani ɗan kasada, kuma an yi amfani da kwamfuta an ɗora fuskar Colt a kan hoton kisan don laifi ya hau kansa.

A nan ne ma'anar sunan ta biyu ta fito. Shekara da shekaru ana ɗora fuskar jarumi a kan jikin ɗan kasada don yabo ya tafi ga jarumi. A labarin sai aka juya, aka ɗora fuskar ɗan kasada a kan jikin jarumi don hukunci ya tafi ga ɗan kasada. Batun kuma ba tatsuniya ba ne. Daga watan Yuli zuwa Nuwamba 2023 ƙungiyar 'yan wasan Amurka, wadda 'yan kasada ke cikinta, ta yi yajin aiki, ɗaya daga cikin manyan bukatunta kuwa shi ne kada a kwafi surar mutum da na'ura a yi ta amfani da ita ba da izninsa ba, ba kuma da biya ba.

Amsar fim ɗin ita ce ya yi kasadarsa da jiki, ya kuma faɗi sunan masu jikin. Logan Holladay ya wuntsila mota sau takwas da rabi a bakin teku, da irin dabarar nan ta Needham wadda aka inganta, ya shiga kundin Guinness. Kafin nan Adam Kirley ne ke riƙe da kambin da juyi bakwai a Casino Royale na 2006. Troy Brown ya faɗo daga tsawon ƙafa 150. Ben Jenkin shi aka cinna wa wuta aka kuma buge da mota, Justin Eaton kuwa ya ɗauki faɗa. A wurin tallar fim Gosling ya riƙa gabatar da su yana kiran sunayensu, abin da ya saɓa wa tsohuwar al'ada. Shugaban aikin, Chris O'Hara, an rubuta shi a jerin sunaye a matsayin mai tsara kasada, ba mai kula da ita kawai ba, kamar yadda ake cewa mai tsara tufafi ko mai tsara dandali. Wannan canjin kalma ba ƙarami ba ne, domin lambar yabo tsari ake ba, ba ƙarfin hali ba. Lee Majors da Heather Thomas sun leƙo a ƙarshe bisa al'ada, amma ba su aka yi wa dariya ba.

Kasuwa da Lambar Yabo

Ta fuskar kasuwa fim ɗin bai cika burin masu shi ba. An ba da rahoton cewa ya ci tsakanin dala miliyan 125 da miliyan 150, a ƙarshen makonsa na farko ya samu kimanin miliyan 28 a Amurka da Kanada, a duniya baki ɗaya kuma kimanin miliyan 180. Idan aka tuna cewa gidajen silima suna riƙe wajen rabin kuɗin tikiti, ga kuma kuɗin talla, za a ga lissafin bai yi daɗi ba, ko da yake masu sharhi sun yaba. Ɗaya daga cikin dalilan da za a iya kawowa shi ne tazara: shekara 38 tsakanin rufe wasan da fitowar fim, saboda haka matasan da suka fi zuwa silima ba su san Colt Seavers ba. Zumar ta tsufa har masu shanta sun daina zuwa kasuwa.

Ta ɗaya fuskar kuwa labarin dabam ne. Tun farkon shekarun 1990 wani shugaban 'yan kasada, Jack Gill, yake kai koke ga cibiyar da ke ba da lambar Oscar, ana mai da shi hannu wofi. Akan ce idan aka sa gasa mutane za su riƙa wuce gona da iri su halaka, akan kuma ce bikin ya riga ya yi tsawo. Ƙungiyar 'yan wasa ta fara ba da tata lambar ta kasada a 2008, Needham ya samu lambar girmamawa a 2012, amma ƙofa ba ta buɗe ba. A bikin Oscar na watan Maris 2024 Gosling da Blunt suka gabatar da jinjina ga 'yan kasada. A watan Fabrairu 2025 The Fall Guy ya ci lambar kasada ta ƙungiyar 'yan wasa. Sa'an nan a watan Afrilu 2025 cibiyar ta ba da sanarwa cewa ta ƙirƙiri lambar tsara kasada, za a fara ba da ita a biki na 100 a shekarar 2028, ga finafinan 2027. Leitch da O'Hara suna cikin waɗanda suka gabatar da hujjoji a gaban shugabanninta.

Kammalawa

Ba daidai ba ne a ce fim guda ya kawo wannan sauyi. Koken ya fi shekara 30, ta farko cikin ƙungiyoyin ta fi shekara 60, ƙasusuwan da suka karye kuwa sun koma har zamanin fim marar magana. Abin da tarihi zai iya cewa shi ne, wasan 1981 ya ba ɗan kasada suna da murya a gidajen jama'a, fim ɗin 2024 kuma ya ɗauki wannan suna ya kai shi inda ake yanke shawara, a daidai lokacin da na'ura ke barazanar maye gurbin jikin mutum. An fara ba da Oscar a 1929. Waɗanda suka fara faɗowa daga doki a gaban kyamara duk sun riga mu gidan gaskiya ba su ga lambarsu ba. Sauran tambayoyin kuma suna nan: wa zai karɓi lambar, mai tsarawa ko mai faɗuwa, kuma me za ta ƙara ga wanda ya naƙasa a bakin aiki? Waɗannan sai bayan 2028 za a iya fara amsa su. Abin da ya tabbata dai shi ne, daga wannan shekara za a riƙa kiran sunan mai shan bugu a zauren da gardi ya daɗe yana karɓar kuɗi shi kaɗai.